Shagon da ke tada tsofaffin wasannin harbi a kan laptop ɗin yanzu

Duk wanda ya yi zamanin sibar a garin nan, lokacin da ake biyan dala hamsin a zauna awa guda gaban kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya, mu huɗu a benci ɗaya, wani na riƙe da suri wani na danna kilabiye sauran biyun kuma aikinsu ihu da ba da shawarar da ba wanda ya tambaye su, to wanga rubutu nashi ne. Akwai wani ɗan shagon gyaran kwamfuta can ta gefen babbar kasuwa, cikin layin masu saida caja da batiri da gilashin waya, mai shi ya ƙware a wani abu da ban ga kowa na yi ba a Maradi, wato ya ɗauko tsofaffin wasannin harbin nan na farkon shekarun 2000 ya sa su tashi lafiya lau a kan laptop ɗin yanzu. Ba zan kama sunanshi ba don bai ce in yi mishi talla ba, kuma akwai abubuwan da zan faɗa da ba za su yi mishi daɗi ba, amma in ka shiga layin ka ce kana neman mai sa tsofaffin wasanni yara ma za su nuna maka.

Kar a haɗa shi da masu tura wasa a kile. Waɗannan ko'ina akwai su, ka ba da dala ɗari a cika maka kile da PES da GTA San Andreas, ka je gida ka tarar rabi ba ya buɗewa, rabin da ya buɗe kuma ya shigo maka da birus, bayan sati kwamfuta ta yi nauyi duk fayilolinka sun koma rakursi. Shi ba haka yake aiki ba. Yana buɗe maka asusu da imel ɗinka a GOG ko Steam, shagunan saida wasanni na intanet, ya sayi wasan da katinshi tunda yawancinmu ba mu da katin da ke wucewa a intanet, kai ka ba shi sefa a hannu, asusun kuma naka ne ka tafi da shi. GOG ɗin nan ƴan ƙasar Polan suka kafa shi a 2008, mutanen kamfanin CD Projekt, da farko ma Good Old Games ake ce mishi, kuma abin da ya sa ya dace da mu shi ne wasanninsu ba su da makulli, ana sauke fayil ɗin girkawa a ajiye a disk, duk ranar da ka ga dama ka girka ba tare da ko ɗigon intanet ba. Wanda ke sayen forfe na kwana guda yana lissafin mega ya san darajar wannan.

Wani zai ce to mene ne abin zuwa shago, ai wasan da ya tashi a kan Pentium 3 dole ya tashi a kan Core i5. Ai nan matsalar take, ƙarfin ne ya yi yawa. Waɗanda suka rubuta wasannin nan ba su yi tunanin za a samu inji mai ƙwaƙwalwa huɗu ko takwas da zai riƙa zana hoto ɗari uku a sakan ɗaya ba, wasu daga cikinsu sun ɗaure saurin wasan da saurin injin, in injin ya gudu wasan ma ya gudu. Ekran ɗin lokacin mai kusan murabba'i ne, 4:3, na yanzu mai faɗi ne, 16:9, shi ya sa kake ganin mutane sun yi gajeru sun yi ƙiba ko rubutu ya ƙanƙance ba ya karantuwa. Wanda kuma ya ajiye tsofaffin sede ɗinshi a akwati yana taƙama, to da yawansu na da makullin SafeDisc wanda Windows 10 ta daina karɓa gaba ɗaya, balle ma laptop ɗin yanzu ina wurin sa sede. Injina HP EliteBook ce ta hannu, Core i5 ƙarni na shida, RAM giga 8, ba ta da katin hoto na daban, irin waɗanda suka cika kasuwa. Sabon wasa irin Cyberpunk 2077 da ke cin wajen giga 70 ko a mafarki ba za ta ja shi ba. Waɗannan tsofaffin kuwa fankarta ko motsi ba ta cika yi.

Abin da na nema duk jinsi ɗaya ne, wasannin da duniya ta lalace a cikinsu, hukuma ta zama ta zalunci ko kamfani ya mallake mutane, gari cike da kyamara da shingen bincike, kai kuma kana tsakiya da bindiga. Guda huɗu na ce ya sa mini.

Deus Ex na fara cewa, na shekara ta 2000, wanda kamfanin Ion Storm na Texas ya yi ƙarƙashin Warren Spector. Mai shagon ya girka shi tsurarshi tukuna don in gani da idona, ina jin don kar in ce kuɗɗin aikinshi sun yi yawa. Wallahi abin dariya, ekran duhu ɗulum, rubutu ƙanana ƙwarai, mutane na magana suna katse juna wannan bai gama ba wancan ya ɗauka, JC Denton kuwa, wanda kake wasan da shi, na sheƙa gudu kamar ɗan kabu-kabun da ya hango ƴan sanda. Sai ya buɗe wani babban disk ɗinshi da ya tara ƙananan gyare-gyare, ya sa mishi Deus Exe na wani mai suna Kentie a intanet da abin zana hotonshi na Direct3D 10, ya ƙayyade hoto 60 a sakan, ya ƙara girman rubutu da haske, minti kaɗan wasa ya dawo hayyacinshi. Ya ce mini, "Yaya, in ɗora maka Revision a kai? Kyauta ne, sun sake gina wuraren duka, ko GMDX in kana son sojojin su yi wayo." Na ce a'a malam, bar mini shi yadda na san shi da muninshi. Ya yi dariya ya ce duk ƴan shekarunku haka kuke cewa.

Mu lokacin da muke buga shi ba mu jin Turancin Ingila, ɗan Faransancin lakwal ne kawai, hira in ta fito dannawa muke ta wuce mu koma harbi. Yanzu da na zauna na karanta sai na ga ashe rabin wasan ma ba mu buga ba. Shekara ta 2052 ce, wata annoba da suke ce ma Gray Death na kashe talakawa a titunan New York, maganinta Ambrosia ba ya isa sai manya da masu mulki ake ba, kai kuma sabon ma'aikaci ne na rundunar yaƙi da ta'addanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNATCO, an tura ka ƙwato maganin daga hannun waɗanda aka ce maka ƴan ta'adda ne. Kana tafiya kana gane cewa masu yin maganin su ne masu yin cutar. A nan zan ɗan tsaya, don na san halin majalisunmu, wani zai buga wannan ya fito ya ce ai ga shi tun 2000 Turawa sun faɗi gaskiyar korona. Ƙage ne, marubutan sun tattaro duk wata jita-jitar makirci da ke yawo a Amurka, su Illuminati su Majestic 12 su Area 51, suka ce bari mu yi wasa a ce duk gaskiya ne. Mu da muka ga abin da jita-jitar allurar shan inna ta jawo a ƙasar Hausa a 2003, aka dakatar da rigakafi a Kano cutar ta dawo ta tsallako har maƙwabta, bai kamata wasan kwamfuta ya zame muna hujja ba.

Amma a matsayin wasa har yau ban ga na biyunshi ba. Farkon farawa kana kan gaɓar tsibirin mutum-mutumin ƴanci, an fille mishi kai, wanka Paul ya tare ka ya ce zaɓi ɗaya, bindigar hari daga nesa, ko mai harba roka, ko ɗan ƙaramin baka mai kibiyar sa barci, kuma yana tuna maka cewa ku ƴan sanda ne ba mahauta ba. Daga nan ba wanda zai riƙe maka hannu. Ka shiga ta ƙofar gaba da wuta, ko ka zagaya baya ka hau akwatuna, ko ka buɗe makulli, ko ka shiga kwamfutar tsaro ka juya bindigoginsu a kansu, ko ka biya mai ba da labari ya ba ka mabuɗi. Wasan kuma yana riƙe abin da ka yi, in ka kashe mutane da yawa wasu a ofis su yaba wasu su ɓata rai, in ka leƙa banɗakin mata shugabanka Manderley ya yi maka faɗa a kai. Akwai wurin da Paul ke kwance ba lafiya a ɗakin otel, sojoji na bakin ƙofa, ya ce ka fita ta taga ka tsira, duk ƙuruciyarmu ta taga muke fita ya mutu muna zaton dole ne, ashe in ka ƙi ka tsaya kuka fafata yana rayuwa har ka sake haɗuwa da shi gaba. Inda ya tsufa kuwa ya tsufa, fuskoki ba kyan gani, bakinsu na motsi dabam maganar na fita dabam, abokan gaba wani lokacin ka kashe ɗan'uwansu a gabansu su ɗan duba su ce iska ce. Harbi ma a farko abin haushi ne, sai ka tsaya cik ka jira alamar saiti ta tsuke kafin harsashi ya je inda kake so, yaran yanzu da suka saba da Free Fire minti goma za su ajiye shi. Ka daure har ka kai Hong Kong, kasuwar Wan Chai da fitilunta, daga nan ba mai raba ka da shi. Duk girman nan nashi bai kai giga ɗaya ba.

Half-Life 2 shi bai ba mai shagon wahala ba ko kaɗan, don kamfanin Valve da ya yi shi bai taɓa yin watsi da shi ba tun fitowarshi a Nuwamban 2004, suna ta gyara shi, a Nuwamban 2024 ma da ya cika shekara 20 suka haɗe shi da Episode One na 2006 da Episode Two na 2007 a kuɗɗi ɗaya. A Steam kaɗai ake samun shi, shi ne ma wasan da ya tilasta wa duniya girka Steam ɗin lokacin da kowa ke ƙin shi, don haka dole sai an shiga asusu sau ɗaya da intanet sannan a mayar da shi yanayin da ba ya neman rezo. Wannan mai shagon ya yi mini shi a gabana ya kashe wifi ya buɗe don in tabbatar. Shi ne mai nauyin saukewa a cikin huɗun, giga da yawa, nan ne amfanin wifin shagon ya fito. Ya sa mini muryoyin Faransanci, ya kuma ƙara faɗin gani daga 75 zuwa 90 don ya ce wasu na jin jiri da tashin zuciya musamman wurin kwalekwalen nan mai farfela, kuma gaskiyarshi, a da wurin na sa mini ciwon kai ban san dalili ba.

Minti ashirin ɗin farko na wasan nan ba ka da ko wuƙa a hannu, amma su ne suka fi tsaya mini. Jirgin ƙasa ya sauke ka a City 17, ƙaton ekran a sama wani dattijo mai farin gemu Dr. Breen na yi wa mutane maraba da murya mai laushi yana cewa nan ya fi tsaro, a ƙasa kuma ƴan sanda masu rufe fuska na tura mutane layi suna watsar musu da kaya. Wata mata na manne da waya tana tambayar ko an ga mijinta. Wani na zaune yana ce maka kar ka sha ruwan garin, suna sa wani abu a ciki da ke sa mantuwa. Sai ɗan sanda ɗaya ya tare hanya, ya ture gwangwani da kulkinshi ya faɗi ƙasa ya ce ɗauki ka sa a bola. Da ƙuruciya jifanshi muke da gwangwanin mu gudu muna dariya yana bin mu. Yanzu da girma ya zo, mutum ya sha tsayawa a shingaye yana miƙa takarda yana murmushin dole, na tarar na ɗauka na sa a bolar na wuce abina, sai bayan na wuce abin ya dame ni. Duniya ta faɗi hannun Combine ne, wasu ƴan mamaya daga wata duniyar, a yaƙin awa bakwai, sun kafa abin da ke hana haihuwa, shi ya sa za ka wuce filin wasan yara da lilo babu yaro ko ɗaya, kuma ba wanda ya tsaya ya yi maka bayani, ido kawai zai gaya maka. Wanda ya zana garin Viktor Antonov ɗan Bulgeriya ne, ya rasu a 2025, gine-ginen gabashin Turai da ya taso a ciki ya ɗauko ya dasa musu baƙin ƙarfen Combine a tsakiya.

Sauran wasan yana nan da daɗinshi, bindigar nan mai jan kaya ta wurga, ka ɗauki faifan zarto a Ravenholm ka raba gawa mai tafiya gida biyu, har yau yaran gida in sun ga wurin sai sun matso. Amma wurin kwalekwale ya yi tsawo, wurin mota a bakin teku ma haka, kuma ƴan tawayen da ke bin ka a ƙarshe sun fi tare maka ƙofa a kan taimako.

Red Faction ne ya nuna mini mutumin nan ya san aikinshi. Na 2001 ne, kamfanin Volition, wanda aka rufe a 2023. Kai Parker ne, matashin da aka yaudara da alƙawarin arziki ya tafi haƙar ma'adini a duniyar Mars wurin kamfanin Ultor, ya tarar ana kwana a gado ɗaya bi da bi, masu gadi na dukan mutane, wata cuta na cin ma'aikata ba mai kulawa, har ranar da mai gadi ya taɓa wani aka yi tawaye. Da muna yara labarin bai ce muna komai ba. Yanzu mutum ya ga samarin unguwa sun tafi Jado da Cibarkaten neman zinari, ya tuna ramin Garin Liman nan kusa da Ɗan Isa da ya rufta a Nuwamban 2021 ya ci aƙalla mutum 18, Allah ya jiƙansu, to farkon wasan nan cikin rami ba shi da daɗin kallo irin na da. Abin da wasan ya yi suna a kai shi ne fasa bango, in ƙofa na kulle ka harba roka gefenta ka yi taka ƙofar, ka haƙa rami ƙarƙashin gada motar sojoji ta zurma. Amma akwai sanannen ciwo a injin zamani, in ka kai wurin da za a sauke jirgin ƙarƙashin ruwa sai ya fashe da kanshi tun kafin ka shiga, saboda saurin hoto ya yi yawa, wasa ya tsaya nan ba gaba. Ban ma faɗa mishi ba ya ce "wurin jirgin ruwa ko?" ya sa mishi Dash Faction, gyaran da masu son wasan suka yi kyauta, ya gyara wannan ya kuma cika ekran mai faɗi. Ya ja mini kunne in riƙa ajiye wasa da kaina a kai a kai don asalinshi ba ya ajiye maka. Gaskiya rabin farko ne mai kyau. Wurin da kake sa kwat kana laɓe-laɓe a ofisoshi ba daɗi, fasa bangon ma raguwa yake in an shiga gine-ginen ƙarfe, daga baya sojojin haya masu bindigar da ke huda bango su kashe ka harbi ɗaya ba ka ma ga mai harbin ba. Na ƙarasa shi ne don taurin kai.

Freedom Fighters na 2003 ba sai na daɗe a kanshi ba. Mutanen Danmak masu wasan Hitman, IO Interactive, suka yi shi, suka sake fito da shi don kwamfutocin yanzu a 2020, don haka girkawa kawai aka yi. Tarayyar Sobiyet ta mamaye New York, kai mai gyaran famfo ne Chris Stone da ya zama jagoran tawaye daga cikin magudanan ƙarƙashin gari, kana tara mabiya har goma sha biyu kana ba su umarni da maɓalli uku, ku bi ni, ku kai hari, ku tsare nan. Dabararshi mai daɗi ita ce in jirgi mai saukar ungulu ya dame ka a wata unguwa sai ka koma ƙasa ka ɓullo wata unguwar ka fasa wurin saukarshi ka dawo ka huta. Tsakanin matakai ana nuna maka labaran talabijin ɗin masu mamaya suna juya duk abin da ka yi ya zama ƙarya, kiɗan Jesper Kyd kuma ya fi ƙarfin wasan. Gajere ne, kishin Amurka ya yi mishi yawa da ɗaga tuta a kan kowane gini, amma shi ne wanda za ka ba ƙanenka ya fara da shi.

To yanzu abin da bai yi mini ba. Mutumin nan bai san alƙawarin lokaci ba. Ya ce ka dawo bayan azahar, ka dawo ka tarar laptop ɗinka na nan inda ka ajiye ta yana ƙarƙashin wata firinta ta wani alhaji, ya ɗago ya ce yaya yi haƙuri yanzun nan. Yanzun nan ɗinshi sai magariba. Shagon ɗan ƙurmusasshe ne, kujera ɗaya ta baƙi, fanka ɗaya ita ma injinan take fuskanta ba mutane ba, a zafin Afrilu da Mayu na garin nan zama ciki horo ne. In an ɗauke kuran batirin solarshi na riƙe wifi da fitila amma ba ya barin a sa caja da yawa, in batirinka ya mutu irin nawa saukewar ta tsaya sai kuran ya dawo. Yaron shagon ma yana da hannu, ya sa mini wani burawuza da wani abin wai mai wanke kwamfuta ba tare da an tambaye ni ba, da na nuna wa maigidan ya cire su ya yi mishi faɗa a gabana, amma da ban duba ba da sun tafi gida da ni. Kuma kar ka bar hotunan iyali a buɗe a kan ekran, ba don na ga wani abu ba, shago ne na kasuwa mutane na shiga na fita.

Sai kuɗɗi. Aikin hannu ya ce jaka ɗaya da rabi kowane wasa, da muka yi ciniki a kan huɗun ya bar mini jaka biyar, kuɗin wasannin dabam da ɗan abin da yake ɗorawa na katin. A nan ya burge ni, don shi da bakinshi ya ce kar in sayi biyu daga ciki a ranar, in jira rangwame, tunda Steam na yin babban rangwame ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, GOG ma na yin nashi a kai a kai, Deus Ex in an rage bai kai jaka guda ba. Ya aiko mini saƙo a WhatsApp da farashin ya sauka. Wani da ya karɓe kuɗɗin ranar ya huta. Sai dai farashin aikin nashi ba a rubuce yake ba, wani abokina ɗan jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya je aka ce mishi jaka guda, ni da na je da babbar riga aka ƙara rabi, don haka ka san kayan da za ka sa.

Ko ya cancanci kuɗɗin? In kana jin Turanci kana da haƙurin karanta PCGamingWiki, shafin da ke jera ciwon kowane wasa da maganinshi, kusan duk abin da ya yi za ka iya da kanka, shi ma bai ɓoye cewa nan yake dubawa ba. Amma kati da wifi da sanin wane gyara ne na gaske wane ne tarkon birus, waɗannan su kake biya, kuma ni ban ga tsada ba. Wanda ke da laptop ɗin ofis marar katin hoto, rezo na zuwa na tafiya, kuran ma haka, wasannin nan sun fi mishi duk wani sabon da ke neman sabuntawar giga ashirin kafin ya buɗe, ka rufe murfi in wuta ta tafi ka buɗe in ta dawo ka ci gaba.

In za ka je ka tafi da cajarka da suri na waya ko na jaka biyu ne, don ba a buga wasan harbi da ɗan faifan shafa yatsa. Ka tafi da kile mai giga 16 ko fi ka ce ya zuba maka fayilolin girkawa na GOG haɗe da gyare-gyaren da ya sa, don ranar da Windows ta lalace kar ka sake biya. Ka canza kalmar sirrin asusunka da ka isa gida. Kilabiyenmu yawanci AZERTY ne wasannin kuma WASD suka sani, ka tuna mishi ya mayar maka da maɓallan tafiya ZQSD kafin ka fito, ni sai da na tuna mishi. Ya ce yana iya tada na zamanin DOS ma, wato tsarin da ya gabaci Windows, ta wata manhaja DOSBox, su Syndicate na 1993 da Crusader: No Remorse na 1995, waɗannan ban gwada a wurinshi ba tukuna. Da safe kafin ƙarfe goma ya fi samuwa, ranar Juma'a kuma ba ya buɗewa sai bayan la'asar.